Abin da shari'o'in shaidar zur suka koya mini

A karatun da na yi kan dokokin zaɓen Amurka, na lura binciken kuɗin kamfe yakan fara ne da rasit da asusun banki, amma galibi amsar da mutum ya bayar da bakinsa ce take kai shi gaban alƙali. Tabbatar da cewa ɗan takara ya san asalin kowace gudummawa abu ne mai wuya. Tabbatar da cewa ya faɗi abu kaza ranar kaza kuwa, da takarda ko faifan murya an gama.

Shari'ar Jeff Fortenberry, tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar Nebraska, ita na fi daɗewa a kanta. A 2016, dala 30,000 na attajiri Gilbert Chagoury, wanda ba ɗan Amurka ba ne, suka shiga kamfensa da sunayen wasu mutane, alhali doka ta hana 'yan ƙasashen waje ba 'yan takara kuɗi. A 2018 wanda ya shirya taron tara kuɗin ya kira shi a waya ya gaya masa inda kuɗin suka fito, jami'an FBI suna naɗa. Da suka zo masa da tambaya a 2019, ya ce bai san da haka ba. A kan wannan amsa aka kama shi da laifi a Maris 2022, ya ajiye kujerarsa. Ko rantsuwa bai yi ba, domin yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma hukuncinsa zai iya kai shekara 5, daidai da na shaidar zur. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, saboda an yi shari'ar a Los Angeles, inda ba nan ya yi maganar ba.

Na kuma koyi cewa nauyi yana kan mai tambaya. A shari'ar Bronston ta 1973, an tambayi mutum ko ya taɓa mallakar asusu a bankin Suwizalan, ya ce kamfaninsa ya taɓa buɗe ɗaya a Zurich. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya ɓoye nasa na kansa. Kotun Ƙoli ta ce wannan ba shaidar zur ba ce, lauya ne ya kamata ya sake matsa shi. Tun daga nan, in ina karanta bayanin shaida, tambayar nake fara dubawa kafin amsar.

Wurin yanke hukunci ne raina bai kwanta ba. A badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa a zamanin Shugaba Nixon da ƙoƙarin rufe shi, John Mitchell, tsohon antoni janar kuma shugaban kwamitin sake zaɓen Nixon, ya yi wata 19 a kurkuku kan laifukan da suka haɗa da shaidar zur. Herbert Porter, ƙaramin ma'aikaci a kwamitin, kwana 30 aka yanke masa saboda ya maimaita labarin da na gaba da shi ya kitsa kan kuɗin da aka ba Gordon Liddy, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya kutsen. Fortenberry kuwa, kafin a soke hukuncinsa, ɗaurin talala na shekara 2 ya samu da tarar dala 25,000. Na fahimci dalilin alƙalai: suna duba ko ƙaryar ta karkatar da bincike, da ko mutum ya taɓa laifi. Duk da haka, Porter da aka saka ya yi ƙarya ya kwana a kurkuku, wanda yake zaune a majalisar da ke yin dokar kuwa bai kwana ba, kuma har yau wannan yana damuna.