Biri na fara nema kafin zaki

Tun da na dawo daga yawon nan na gabashin Afirka mutane ke ta turo min tambaya iri ɗaya, wai wane gandun daji ne ya fi kowanne, wanda in mutum ya je zai ga zaki da giwa da gorila da cimfanzi duk a tashi ɗaya. To gaskiya, in ka cire gandun Virunga na Kwango da ke fama da rashin tsaro, babu shi. Zaki da jakin dawa da raƙumin dawa fili suke so, sarari mai ciyawa inda ido ke kaiwa nesa, su kuwa manyan birai kurmi ne gidansu, duhun daji mai ruwan sama kusan kullum. Saboda haka dole ka haɗa wuri biyu ko uku, kuma wajen haɗawar nan ne ake yin ɓarnar kuɗi da kwanaki.

Ni abin da na gane shi ne, birai su ke yanke maka taswira. Zaki yana Kenya yana Tanzaniya yana Uganda yana Afirka ta Kudu, duk inda ka nufa da wuya ka rasa shi. Amma gorilar tsauni fa duk duniya wuri biyu kawai take, dajin Bwindi a kudu maso yammacin Uganda, sai tsaunukan Virunga da suka haɗa iyakar Uganda da Ruwanda da Kwango, kuma gaba ɗayansu dubu ɗaya ne da 'yan kai. Mutum 8 kawai ake bari su je wajen kowane garke a rana, awa ɗaya tak zaka yi da su, kuma yaro bai kai shekara 15 ba ba ya shiga. To kaga takardar izinin ganin gorila ita ce wuyar aikin, in lokacin da baƙi ke cika ne, wajen Yuni zuwa Satumba ko Disamba zuwa Fabrairu da ruwa ke sauƙi, sai ka nema tun da watanni.

Maganar kuɗi kuwa, Ruwanda tun 2017 ta mayar da nata dala 1,500, Uganda kuma dala 800 ne ga baƙon da ya zo daga waje tun tsakiyar 2024, amma mai fasfo ɗin wata ƙasar Afirka akwai rangwame, dala 500, wanda mutanenmu da yawa basu ma san da shi ba sai su biya kuɗin Bature. Ka tambaya da kyau kafin ka tura kuɗi.

To me yasa wani zai biya kusan ninki biyu a Ruwanda? Hanya. Daga Kigali zuwa gandun da suke kira Volcanoes, kusa da garin Musanze, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce a kan kwalta mai santsi, mutum zai iya sauka yau gobe ya ga gorila jibi ya kama hanyar gida. Nan ne Dian Fossey, mai binciken gorila, ta kafa sansaninta na Karisoke a 1967, kuma dajin yawanci gora ce ba ta kai Bwindi cunkushewa ba, hoto ya fi fita. Daga Entebbe, inda jirgi ke sauka a Uganda, zuwa Bwindi kuwa ka ɗaura ɗamarar awa 8 zuwa 10 a mota. Dabarar da wasu ke yi, kuma na ga tana da kyau, su sauka Kigali su tsallaka iyaka ta Cyanika ko Katuna su shiga kudancin Bwindi cikin awa huɗu ko biyar, farashin Uganda hanyar Ruwanda kenan, ga bizar yawon buɗe ido ta gabashin Afirka ta dala 100 da ke shigar da kai Uganda da Ruwanda da Kenya na kwana 90. Sai dai kar ka manta katin rigakafin shawara, Uganda suna tambayarsa.

Wani abu da ya kusa ƙona ni, kuma laifina ne ba na kowa ba. Bwindi ba ƙofa ɗaya ke gare shi ba, shiyya huɗu ce, Buhoma da Ruhija da Rushaga da Nkuringo, kuma takardarka ta shiyya ɗaya ce rak. Ni kuwa na ga masauki mai araha an rubuta Bwindi na kama, ashe shi yana arewa takardata tana kudu, tsakaninsu tafiyar awanni ce a hanyar dutse mai kwana-kwana, alhali da sassafe ake tara mutane a yi musu bayani. Allah ya taimake ni na lura saura kwana biyu, na canza, kuɗin kafin alƙalami dai ya tafi. Takarda tukuna, sannan wurin kwana.

Mgahinga ɗan ƙaramin gandu ne a ɓangaren Uganda na tsaunukan Virunga, shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar, garken gorila ɗaya aka saba da mutane a can, ana ce masa Nyakagezi, amma yana da birin nan mai bayan zinariya da ke tsalle cikin gora. Virunga ta Kwango kuwa, duk da ita ce gandun ƙasa na farko a Afirka tun 1925, da halin tsaron da yankin ke ciki ni dai bazan ce ma kowa ya je ba.

Sai cimfanzi. A nan ba na dogon tunani, Kibale. Yana yammacin Uganda kusa da garin Fort Portal, nau'in birai 13 ne a cikinsa, cimfanzi wajen 1,500, kuma daga sansanin baƙi na Kanyanchu ake tashi. Wallahi ni abin ya fi burge ni kan gorila, kar masoya gorila su ji haushi. Gorila dattijo ne, zaka same shi zaune yana tauna ganye ko kallo baka ishe shi ba, shi kuwa cimfanzi tun kafin ka gan shi ka ji ihu ya cika daji, suna dukan gindin itace kamar ganga, sai kaga kana bin su da sassarfa kana tuntuɓe da saiwa, yanzu suna ƙasa anjima sun haye can ƙololuwa wuyanka har ya ƙage. Akwai su a kwazazzabon Kyambura da ke gandun Sarauniya Elizabeth ma, wurin da kyau sosai amma 'yan kaɗan ne, ana iya shiga a fito ba a gansu ba. Nyungwe a Ruwanda shi ma nau'i 13 ne da shi ga gadar igiya da ake bi ta saman itatuwa, amma cimfanzinsa sai ka tashi tun kafin asuba kuma hawa ne ba wasa. Gombe ta Tanzaniya, inda Jane Goodall ta fara aikinta na binciken cimfanzi a 1960, ita da Mahale suna bakin tafkin Tanganyika ne, babu hanyar mota zuwa Gombe sai kwale-kwale daga Kigoma, wannan tafiya ce mai zaman kanta ba wadda za a liƙa a jikin wata ba.

Abin da yasa na fi karkata ga yammacin Uganda shi ne tsakanin Kibale da Bwindi akwai gandun Sarauniya Elizabeth kwance a kan hanya, ba sai ka yi wani kewaye ba. An buɗe shi 1952 da sunan Kazinga, bayan ziyarar sarauniyar a 1954 aka canza. Mashigin ruwan Kazinga da ya haɗa tafkin Edward da na George, in ka shiga jirgin ruwa da la'asar, dorina ce kamar an zuba, ga ɓauna kwance a taɓo ga giwaye sun sauko shan ruwa ga kadoji, tsuntsaye kuwa sama da nau'i 600 aka lissafa a gandun. Can kudu a Ishasha zakunan ke hawa itacen ɓaure su miƙe a reshe da rana tsaka, sai dai sa'a ce, mu mun yi ta zagaye har direba ya fara jin kunya kafin muka hango wutsiya ɗaya tana reto. Amma kar ka je kana neman raƙumin dawa ko jakin dawa a can, babu su. Raƙumin dawa akwai shi a Murchison, gandu mafi girma a ƙasar, inda kogin Nilu kaf ɗinsa ke matsewa ta tsaga mai faɗin mita 7 ya faɗa ƙasa da ƙara kamar aradu, ga dajin Budongo kusa mai cimfanzi, ga Ziwa a kan hanya inda ake zuwa kallon karkanda a ƙafa.

Wanda ya zaɓi Ruwanda kuma Akagera ce filinsa, an dawo da zakuna 2015, karkanda 2017, wuri ne tsaf-tsaf, amma kar ka sa ran irin yawan dabbobin Serengeti.

Eh, Serengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya, na san wani zai ce ya aka yi na tsallake su. Ban tsallake ba, in burinka kaga garken dabbobi ya rufe ƙasa suna tsallaka kogin Mara wajen Yuli zuwa Oktoba, to babu wani gandu a Uganda ko Ruwanda da zai baka wannan, ko kusa. Amma haɗa shi da gorila na nufin ƙarin jirgi da ƙarin kwanaki da aljihu mai nauyi. Na haɗu da wasu a hanya da suka cusa gandu shida cikin kwana 8, duk hirarsu ta ciwon baya ce da tashin asuba, na tambayi ɗayansu a ina ya ga damisa ya rasa ta cewa. In kwana 7 ko 8 gare ka, Kibale da Sarauniya Elizabeth da Bwindi sun isheka, in sun kai 12 ka ƙara Murchison daga farko.

Sannan ka duba ƙafarka da ƙirjinka da gaskiya. Bwindi yana kai sama da mita 2,000 a wurare da yawa, wata rana cikin awa ɗaya an iske gorila wata rana sai an yi wuni ana ratsa ƙaya da santsi, masu bin sawu ne ke fita tun da duku-duku suna sanar da jagora ta rediyo inda garken ya nufa. In kana da mura ko tari za a iya mayar da kai, don cutar mutum tana kama su, shi yasa ake sa takunkumi a kuma ce ka tsaya nesa da su. In gwiwa na damunka ka faɗa tun wajen rabon rukuni, suna ƙoƙarin baka garken da ya fi kusa. Kuma ka ɗauki ɗan dako, mutanen ƙauyukan gefen dajin ne kuma da wannan aikin suke ci. Ni da farko girman kai ya hana ni, ina ganin 'yar jaka ce da gorar ruwa, bamu yi rabin awa muna gangara ba na zame na zauna daɓas cikin taɓo, wani saurayi da ke ɗauke da jakar wata tsohuwa shi ya miƙo min hannu yana danne dariya, daga nan har muka fito sandarsa ce a hannuna.