Kakar da na koyi bin ƙananan kifi a gaɓar New York

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin kogin Kwara na tashi. Gidanmu ba gidan masunta ba ne, mahaifina ɗan tireda ne, amma maƙwabtanmu Sarkawa ne, kuma tun ban kai shekara goma ba nake bin 'ya'yansu da fatsa da gwangwanin tana muna kamo karfasa. Da zama ya kawo ni New York na kama tuƙin tasi, sai ga ni kullum ina tsallake ruwa ta kan gadoji, shekara da shekaru, ban taɓa jefa ƙugiya ko sau ɗaya ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Wanda ya buɗe mini hanya wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, masallacinmu ɗaya a Bronx, kowa Baba yake ce masa. Wata rana cikin bazarar 2023 na hango sandunan fatsa a bayan motarsa, na tambaye shi. Ya ce, "Ɗana, in da gaske kake, je ka yi rajista tukuna, kyauta ce, sannan ka jira kaka." Rajistar da yake nufi ta jihar New York ce, wadda duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yi ta kafin ya kama kifi a ruwan gishiri. A waya na yi ta, ban ɓata minti goma ba.

Abin da ya sa ya ce in jira kaka shi ne wannan. Duk tsawon lokacin zafi, 'ya'yan kifi suna girma a cikin lungunan ruwa marasa zurfi, irin mashigin Jamaica da ke gefen filin jirgin JFK. Akwai wani kifi mai maiƙo da masunta a nan ke kira banka, wanda mutane ba su cika ci ba, amma manyan kifaye da tsuntsayen tekun nan da yawa da shi suke rayuwa. 'Ya'yansa, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa zuwa tafin hannu ba, su ake ce wa banka 'yan gyaɗa. Da zarar dare ya fara tsawo ruwa ya fara sanyi, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai su fito daga lungunan nan garke-garke su bi gaɓa su yi kudu. A daidai wannan lokaci babban kifin nan mai zane-zane a jiki, wanda ake kira sitiraifa, shi ma yana gangarowa daga arewa zai je ya ci sanyi a wajajen Virginia da Carolina ta Arewa. Yunwa yake ji, yana neman ƙiba kafin hunturu. Haɗuwar waɗannan tafiyoyi biyu a bakin yashi, inda mai tsaye a ƙasa zai iya kai musu jifa, ita ce duk abin da masuntan gaɓar nan suke jira tun farkon shekara.

Fitata uku ta farko ni kaɗai na yi, kuma ko ƙaya ban kamo ba. Na sayi sanda mai tsawon ƙafa 10 da ƙarfen naɗe zare, na zaɓi koton roba mafi girma a shagon, don a tunanina babban kifi sai babban koto. Nakan tashi aiki da hantsi in shiga jirgin ƙasa na A har Rockaway, wata doguwar gaɓar yashi a kudancin birnin, in tsaya duk inda ƙafata ta tsaya, in yi ta jifa har kafaɗa ta riƙe. A kogi na san inda kifi yake kwana: ƙarƙashin kututture, bakin ciyawa, inda ruwa ke juyawa. Teku kuwa da na dube ta sai na ga ko'ina iri ɗaya ne.

Da na kai wa Baba kuka, bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi, "Kai kana neman babba, shi kuwa babban ƙarami yake nema. Nemo mini ƙaramin, sauran aikin na Allah ne." Sannan ya tambaye ni nawa ga wata. Na ce masa sha ɗaya. Ya ce to in shirya, jibi da gata ruwa zai yi ƙarfi.

A nan na fara gane wani abu da har yau yake ba ni sha'awa. Teku tana cikowa ta janye sau biyu a kowace rana, kowace tafiya kamar awa shida, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum. Wata ne ke jan ruwan. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a daren sha huɗu, cikowar takan fi yawa, janyewar kuma ta fi ƙarfi, har ta kwaso ƙananan kifi daga cikin mashigi ta watso su bakin teku. Abokan kamun kifinmu Turawa sai sun duba waya su san halin da wata yake ciki. Mu kuwa da lissafin watan Musulunci muke kwana muke tashi, ashe rabin ilimin yana hannunmu.

Ƙarshen Oktoba ne, wata ya cika. Kwana biyu kafin nan an yi ruwan sama, bayansa iska mai sanyi ta juyo daga arewa maso yamma. Gaɓar Rockaway kudu take kallo, saboda haka iskar arewa daga bayanka take busowa, ta kwantar da igiyar ruwa, ta kuma ƙara wa jifarka nisa. Muka yi sallar asuba a kan yashi kusa da Fort Tilden, wani tsohon sansanin soja a Rockaway, hannuwa sun ƙage don sanyi. Da muka sallame na ɗauki sanda zan nufi ruwa, Baba ya riƙe mini hannun riga. "Zauna. Ido ake fara jefawa."

Mun fi rabin awa a zaune. Ya nuna mini inda igiya ke fashewa nesa da gaɓa, ya ce tudun yashi ne a ƙarƙashi. Ya nuna mini wani wuri a tsakiya inda ba ta fashewa, ruwan ya fi duhu, ya ce ƙofa ce, ta nan ruwa ke komawa, kuma a bakinta babban kifi yake laɓewa. Sai na ga ashe tekun ma tana da kututturenta da bakin ciyawarta, idona ne bai iya karanta su ba. Can gari ya fara wayewa, sai ga tsuntsayen teku sun taru wuri guda yamma da mu, suna kuka suna faɗawa ruwa. Baba ya miƙe. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da na tarar a wurin ban taɓa ganin irinsa ba. Wani baƙin tabo ne a cikin ruwan, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, yana motsi kamar inuwar gajimare. Kifi ne zalla. Manyan sun tura ƙananan har bakin yashi, ruwan yana tafasa kamar an zuba tsakuwa a tukunya, 'yan gyaɗan suna tsalle suna faɗowa a kan busasshiyar ƙasa don tsoro. Wasu suna bugun ƙafata. Har wari wurin yake yi, warin mai. A cikin igiyar da ta taso gab da ni, hasken safiya ya ratsa ta, na ga sitiraifa uku a jere da zanensu baƙi ƙirin kamar an ja da alƙalami.

Na jefa ƙaton kotona sau biyar a tsakiyarsu, babu wanda ya kula shi. Baba kuwa har ya saki na biyu. Ya sunkuya ya ɗauki ɗan banka ɗaya daga kan yashi ya ɗora a tafin hannuna kusa da kotona. Nawa ya ninka shi uku. Ya ciro wani ƙaramin koto daga jakarsa, kan darma da farin gashin wutsiyar barewa, ya ce in ɗaura, kuma kada in jefa tsakiyar garken. "Cikin dubu wa zai ga naka? Jefa gefe, ka bar shi ya nutse, ka jawo a hankali kamar mai ciwo." A jifa ta biyu sandar ta lanƙwashe har sai da na ja da baya.

Ƙarfinsa ya tuna mini giwan ruwa. Ya ja zare ya yi cikin teku, na bar shi ya gaji, na riƙa jawowa, igiya ta taimaka mini ta ajiye shi a bakin yashi. Da muka gwada, inci 40 ne. Raina ya yi fari, har na fara lissafin gidajen da za a kai wa rabo. Baba ya girgiza kai. A shekarar ce aka tsaurara doka: kifi ɗaya tak a rana, kuma sai wanda tsawonsa ya kai inci 28 bai wuce 31 ba. Nawa dole ya koma ruwa.

Kuskuren da na yi a nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk kakar. Tunda ba zan tafi da shi ba, na ce bari aƙalla in sami hoto. Na bar shi kwance a busasshen yashi ina laluben waya da jiƙaƙƙen hannu, na ɗaga shi ta baki yana reto, na sauya tsayuwa don rana, na sake ɗauka. Baba yana can yana fama da nasa kifin bai lura ba. Na fi minti uku kafin in mayar da shi. Da na sake shi sai ya kife, farin cikinsa yana sama. Na kai hannu, igiyar da ke komawa ta riga ni, ta ja shi ta wannan ƙofar da aka nuna mini. Ina tsaye ina kallonsa yana yawo a saman ruwa har ya ɓace mini.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. A mota ne muna shan shayi ya ce kusan duk masu wannan girman mata ne, masunta ma shanu suke ce musu, kuma irin wadda na kama ta yi shekara goma ko fiye tana zuwa tana dawowa, tana zuba ƙwai a kogin Hudson ko a mashigin Chesapeake duk bazara. Daga baya na bi tarihin da kaina. Kifin nan ya taɓa kusan ƙarewa, har jihar Maryland ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990. Ya farfaɗo, a 1995 aka ce ya dawo daidai. A 2019 kuma hukumar da ke kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atilantika ta sake cewa an ci shi fiye da kima. A lissafinsu, cikin kowane ɗari da aka kama aka saki, tara suna mutuwa. Tawa tana cikin taran nan, kuma ba ƙugiya ce ta kashe ta ba.

Gaskiya da farko dokar ta yi mini nauyi. Inda na fito, kifin da ya shiga hannu abinci ne, mayar da shi ruwa kamar raina arziki ne. Amma na tuna yadda tsofaffin Sarkawa suke faɗa da masu taru mai ƙananan idanu, suna cewa wanda ya kwashe 'ya'yan bana me zai kama baɗi. Magana ɗaya ce, nan uwar ake karewa. Yanzu kafin in jefa ƙugiya, awartakina yana rataye a ƙirji, ma'aunin inci yana manne a jikin sanda. Na danne ƙayar ƙugiyoyina don su fita da sauƙi. Kifin da na ga ya wuce ƙa'ida ba ya barin ruwa: in jiƙa hannu, in cire ƙugiya, in riƙe shi kansa yana fuskantar igiya har sai ya buga wutsiya da kansa. In kuma da ɗanyen koto zan yi, ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe nake sawa, wadda doka ta wajabta tun 2021, don a gefen baki take kamawa ba a cikin ciki ba.

Sauran darussan jiki ne ya koya mini. Akwai wani kifi da ke bin garken, bulufish, haƙoransa kamar reza. Ya yanke mini zare sau biyu, ya kuma tsaga mini babban yatsa ranar da na sa hannu a bakinsa kamar yadda nake yi wa sitiraifa. Wandon robar nan mai kaiwa ƙirji kuwa, kada ka shiga ruwa da shi ba ka ɗaure ɗamara tamau a ƙugu ba, don in igiya ta kayar da kai ya cika da ruwa, tashi sai an taimake ka. Duwatsun da aka jera cikin teku a Breezy Point, can ƙarshen Rockaway ta yamma, suna da gansakuka mai santsi kamar kuɓewa, ban ƙara hawansu ba sai da takalmi mai ƙusoshi, kuma ba na juya wa teku baya. Sannan garken ba ya alkawari. Na sha komawa wurin da ya tafasa jiya in tarar da shi shiru, ko tsuntsu babu.

A New York ranar 15 ga Disamba ake rufe kamun sitiraifa a teku. Fitarmu ta ƙarshe a shekarar cikin makon farko na watan ce. 'Yan gyaɗa galibi sun wuce, sai wasu fararen manyan tsuntsaye can nesa suna naɗe fukafukai suna faɗowa ruwa kamar mashi. Na kama ƙanana huɗu na sake su. Na biyar da na ɗora a ma'auni ya ba ni inci 29. Na ce, "Baba, duba mini." Ya sa tabarau ya duba daga baki har ƙarshen wutsiya, ya ce, "Wannan rabonka ne." Na yi bismilla na sa shi a jaka.

Da na fede shi a gida, 'yan banka bakwai na ciro daga cikinsa, biyu ko narkewa ba su fara ba. Na jera su a faranti na kira yarana su gani. Uwargida ta shafe kifin da yajin ƙuli da tafarnuwa ta gasa, muka yanke tsakiyar, wajen da ya fi tsoka, ƙaramin ɗana ya riƙe kwanon a cinya muka kai wa Baba bayan sallar isha'i.