Abin da cutar Fabry ta koya mini game da shanyewar ɓarin jiki a ƙuruciya

Idan dattijo mai hawan jini ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba a shan wahalar neman dalili. Amma ɗan shekara 30 fa, wanda jininsa bai hau ba, ba shi da ciwon suga, ba sikila ba ne, hoton zuciya kuma lafiya lau? Sau da yawa sai a rubuta cewa ba a gano dalili ba, a sallame shi da maganin tsinka jini. A irin wannan hali ne aiki ya koya mini in riƙa tuna cutar Fabry.

Cutar gado ce. Johannes Fabry a Jamus da William Anderson a Ingila ne suka bayyana ta a 1898, kowa a nasa ɓangaren. Jiki ba ya samar da isasshen sinadarin alfa-galaktosidas A, sai wani nau'in kitse ya yi ta taruwa a jijiyoyin jini da ƙoda da zuciya, abin da kan iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ba ta da yawa, gaskiya. A binciken SIFAP, da aka yi kan masu shanyewar ɓarin jiki fiye da 5,000 'yan shekara 18 zuwa 55 a ƙasashen Turai, an tabbatar da ita a kusan kashi 0.5 cikin ɗari kacal. Shi ya sa nake ganin tambaya ce ya kamata ta riga gwaji. Tun yana yaro, tafin hannunsa da na ƙafarsa suna yi masa zafi kamar an ɗora garwashi, musamman in zazzaɓi ya kama shi? Yana yin gumi kuwa? Akwai furotin a fitsari? Akwai kawu, ɗan'uwan mahaifiya, da ake yi wa wankin ƙoda? Sannan a duba fata tsakanin cibiya da gwiwa, inda ƙananan ɗigo jajaye ke fitowa. Majiyyaci ba zai nuna maka wurin da kansa ba, don kunya, kuma bai taɓa zaton suna da alaƙa da ƙwaƙwalwarsa ba.

Gwajin namiji mai sauƙi ne: ɗigon jini a kan takarda, a auna ƙarfin sinadarin. Mace ce wuyar sha'ani, domin nata zai iya fitowa daidai alhali tana da cutar. Ita sai gwajin ƙwayar gado. Shi ma ba kowane sauyi da ya nuna ne ke jawo cuta ba, don haka ba na gaggawar laƙaba wa mutum ita.

In an tabbatar, akwai magani: ƙarin sinadarin ta jijiya duk mako biyu, wanda Turai ta amince da shi tun 2001. Ba ya dawo da abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa. Amfanin ganowa ya fi komawa kan dangi, tunda uba mai cutar yana gadar da ita ga dukkan 'ya'yansa mata, ban da maza, uwa kuwa kowane ɗa nata, mace ko namiji, yiwuwar ya gaje ta rabi da rabi ce. Don haka ranar da sakamako ya fito nake zana jerin dangi, in fara da ƙanne waɗanda ƙodarsu ba ta taɓu ba tukuna.