Sunayen da Na Saba Tsallakewa

Daga Urushalima zuwa Baitalami bai wuce kilomita 10 ba, amma sai da muka ɗan jima a shingen bincike kafin motarmu ta ratsa ta ƙofar doguwar katangar nan da Isra'ila ta gina. Hantsi ya ɗaga lokacin da muka isa Majami'ar Haihuwar Yesu. Ƙofarta ƙarama ce, babba da yaro kowa sai ya sunkuya.

Layin sauka kogon da ake cewa a ciki aka haifi Yesu ya yi tsawo, don haka na ɗaga kai ina kallon bango. Can sama a ɓangaren kudu akwai fuskoki bakwai da aka jera da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, aikin da aka gama a 1169. Jagoranmu ya karanto sunayensu: Azuro, Saduku, Akimu, Aliyudu, Ele'azara, Matana, Yakubu. Gabana ya faɗi. Waɗannan su ne sunayen da nake tsallakewa tun ina yaro in na buɗe sura ta farko ta Matiyu, wane ya haifi wane, ina saurin in kai labarin Maryamu. Ga su nan da gemu da idanu, mutanen da Littafi Mai Tsarki bai ba da labarin aikinsu ko ɗaya ba, sai dai cewa an haife su, su ma sun haifa.

A cikin kogon, tauraron azurfa da ke ƙasa tsininsa 14 ne. Matiyu ya kasa salsalar Yesu kashi uku, kowanne tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga nan zuwa Almasihu. A Ibrananci ma kowane harafi yana da lambarsa, haruffan sunan Dawuda in an lissafa su 14 suke bayarwa. Luka kuwa bai tsaya kan Ibrahim ba, ya bi da baya har Adamu. Yahudawa ba su ɗauki wannan da wasa ba: a zamanin Ezra, firistocin da aka nemi sunayensu a littafin asali aka rasa, an raba su da aikin firist.

Da muka gangara Bait Sahur, inda ake cewa gonakin Bo'aza, mijin Rut, suke, wata dattijuwa a ayarinmu ta riƙo hannuna. "Ɗana, ashe a nan Rut ta yi kala?" Na ce e, Mama. Ta ce ita ma baƙuwa aka auro ta, daga wata ƙabila, shekaru dangin miji suna ce mata bare. Rut mutuniyar Mowab ce, gwauruwa mai tsintar sha'ir, amma ita ce kakar mahaifin Dawuda. Mama ta lissafa mini da kanta: ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Ta ƙara da sauran matan da Matiyu ya ambata a salsalar Yesu, Tamar da Rahab da matar Uriya, tana lanƙwasa yatsu. Sai ta sunkuya ta ɗebi 'yar ƙasa, ta ƙulle a bakin zanenta.