Inshorar mota ta ninka sau uku

Masu mota a Gombe, ku daina faɗa da mai sabunta muku takardu. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga inshorar biyan wanda ka yi wa ɓarna daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ita cikakkiyar inshora, mai biyan har ɓarnar taka motar, ba ta ƙasa da kashi 5 cikin 100 na kuɗin motar, to da naira ta faɗi, mota ta yi tsada, ita ma ta bi. Tambayi bakanike kuɗin fitilar Corolla ka ji. Takardar 5,000 yanzu ta bogi ce; danna *565*11# ka sa lambar motarka ka ga ko inshorarka ta gaske ce.