Hazon Kufena da katin gaisuwar bana

Asabar ɗin da ta wuce, ina idar da sallar asuba na zura rigar sanyi biyu, na naɗe kyamarata cikin wani tsohon zani, na turo babur waje. Uwargida ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Malam, mutane na neman inda za su ɓuya, kai kana neman kan dutse?" Na ce mata hoton Kirsimeti ne bai samu ba har yanzu. Ta ja bargonta ta ce Allah ya ba da sa'a, amma kada in dawo mata da mura.

Bari in yi bayani, don na san wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta ɗan Tudun Wadan Zariya da hoton Kirsimeti. Mu bakwai ne muke wannan sha'awa ta ɗaukar hoto, kuma babu wanda yake ci da ita a cikinmu sai mutum ɗaya, shi ma ya daɗe da ajiyewa. Akwai tela, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai biyu daga Samaru. Uku Kirista ne, huɗu Musulmi. Dattijon cikinmu, wanda duk muke kira Baba, ya yi shekaru yana da shagon hoto a Sabon Gari tun zamanin fim da ɗakin wanki mai jan fitila. Shi ya jawo mana wannan al'ada. Wata shekara abokina ɗan Wusasa ya zo da katin da ƙaninsa ya aiko daga Ingila: gida lulluɓe da ƙanƙara, itace fari fat. Muna ta yabawa, sai Baba ya juya katin gaba da baya ya ce, "To, wannan sanyinsu ne. Ina namu?" Tun daga ranar, duk ƙarshen shekara kowa zai fita ya ɗauko hoton hunturu guda, ya wanke shi a takarda, ya rubuta gaisuwa a baya da biro, mu haɗu mu yi musaya. Da Sallah kuma Kiristocin cikinmu ne suke kawo mana nasu.

Na bi ta Ɗan Magaji na nufi Wusasa, iska na yanka mini kunne. A Zariya ba a ganin ƙanƙara, amma wanda ya taɓa hawa babur da asubar Disamba ya san ɗari ba wasa ba ne. Da na isa, yatsuna sun ƙage har na kasa zuge jaka. Sai da na tsaya wurin wasu 'yan acaɓa da suka hura wuta da karan dawa na ɗan gasa hannu. Muka gaisa, "Ina sanyi?" "Lokacinsa ne." Ɗaya ya ga kyamara ya ce, "Yallaɓai, yau ai ba abin ɗauka, gari ya rufe."

Wannan magana na sha jin ta, kuma ni ma da haka nake cewa. Shekarata ta farko da wannan kyamarar Nikon D3100 ɗin, wadda na saya ta hannu, in hazo ya sauka sai in kulle ta a akwati in jira sama ta washe. Daga baya na gane cewa abin da nake gudu shi ne dukiyar. Da rani tsakiya, ko bayan ruwa ya ɗauke, hasken Zariya mai kaifi ne, inuwa baƙa ƙirin, fuskar mutum rabi a ƙone rabi a duhu. Amma in iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar nan daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai sararin sama duka ya zama kamar an shimfiɗa farin mayafi a gaban fitila. Haske ya yi laushi. Rana ta fito wajen bakwai saura kwata, amma ba ka ganin ta sai ta ɗan ɗaga, kuma sai ka gan ta kamar faifai, fara, babu zafi.

Daga tsakiyar dutsen Kufena na tsaya, don numfashi ya ƙi in kai ƙololuwa. A nan hazo yake nuna gwanintarsa. Dutsen da ke gabanka baƙi ne, kana ganin kowace tsaga. Bishiyoyin da ke bayansa sun koma toka-toka. Na bayansu kuma kamar an zana su da gawayi an goge da hannu. Can ƙarshe, inda birni ya kamata ya kasance, babu komai sai kawunan rimi suna yawo a cikin fari, ba ka ganin gindinsu. Duk Bazazzagi ya san rimi, har unguwanni muke da su da sunansa, Rimin Tsiwa da Rimin Doko, amma ban taɓa sanin siffarsa ba sai da hazo ya share duk abin da ke kewaye da shi. Haka gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya fitar da sabo yanzu da kowa ya bushe. Kore ɗaya tilo a tsakiyar gonakin da aka girbe, shanun Fulani na kwance a ƙarƙashinsa.

Abu ɗaya da Baba ya koya mini, kuma ya ce masu ɗaukar ƙanƙara a Turai ma da shi suke fama: kyamara ba ta yarda da fari. Ma'aunin haskenta an gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki, wato ruwan toka. In ka nuna mata sama mai hazo sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, hoton ya fito kamar ruwan wanki. Maganin shi ne ka ƙara mata haske da hannunka, mataki ɗaya, wani lokaci ɗaya da ɗan ƙari, har farin ya zama fari. Masu waya ma suna iya yi, in ka taɓa fuskar wayar ka ja alamar ranar nan sama kaɗan. Sai kuma launi. In ka bar ta ta zaɓa da kanta, takan wanke ɗan jan da ƙura ke bai wa haske, ta bar maka shuɗi mai sanyi irin na katin Ingila. Ni nakan sa mata saitin gajimare don jan ƙasar ya zauna.

To, a nan na yi wautar da na sha gargaɗin ɗaliban nan a kai. Na hango shirwa biyu suna shawagi daidai saitin rana, gilashin da ke jikin kyamarar kuma gajere ne, ba ya jawo abin da ke nesa. Zuciya ta ce canza. Na juya wa iska baya, na buɗe, na cire, na sa dogon. Bai fi ƙiftawa uku ba. Shirwan ma kafin in gama sun yi gaba. Sai da na dawo gida na buɗe hotunan a kwamfuta na ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sama, wuri ɗaya a kowane hoto, sun fi fitowa a waɗanda na tsuke ƙofar haske zuwa f/16. Ƙura ta shiga ta zauna a kan idon kyamarar na ciki. Kada wanda ya hura da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna, kuma kada a sa bakin riga. Ɗan famfon robar nan na hura iska shi ne daidai, kyamara na kallon ƙasa. Nawa ya fitar da wasu, uku suka ƙi. Da hunturu gilashin da ka fita da shi daga ɗaki, da shi za ka koma.

Da na sauko na biya ta cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, wanda aka yi da rufin bakan gizo irin na magina Hausawa. Duk wanda ya san aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na cikin birni zai ga dangantakar hannu. Ana ta shara ana shirin biki. Mahaifiyar abokina ta gan ni ta ce, "Ɗana, ka zo da sanyin nan ba ka karya ba?" Kafin in ce wani abu an ajiye mini koko da ƙosai. Na ce, "Mama, barka da shirin Kirsimeti." Ta ce, "Barkanmu dai, Allah ya nuna mana lafiya, ka gaida mutan gida." Na ɗauke ta hoto tana tsaye a bakin zaure, tururin kokon na tashi ta gefenta. A gaskiya ya fi duk abin da na ɗauko a kan dutse, amma na ɗanta ne, ba na musaya ba.

Jiya da yamma muka haɗu wurin mai shayinmu na unguwar PZ. Tela ya kawo masu rake a bakin Galma, ma'aikaciyar jinya ta kawo yaran makarantar allo sun kewaye wuta, an ɗauka daga baya, ba fuska ko ɗaya sai hannaye a miƙe. Wannan kam ya ci kowa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawo madatsar Kubanni, ruwa da sama sun haɗe ba ka gane iyakarsu, sai dai ya cika gyara a waya har balbela ta koma shuɗiya, Baba kuwa bai raga masa ba. Ni na wanke hoton rimin nan guda bakwai, da ɗigon ƙurar uku a sama, don ban iya gogewa a kwamfuta ba tare da ya nuna ba. A baya na rubuta, "Barka da Kirsimeti, barka da sabuwar shekara, daga kan Kufena."

Baba ya sa tabarau, ya kai hoton kusa da fitilar mai shayi, ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna ɗigon da farce ya ce, "Waɗannan tsuntsayen fa, sun yi nisa da yawa." Na ce, "Baba, ƙura ce." Ya ce, "Na sani. Kai dai kada ka faɗa wa na Ingila." Abokina ya karɓi biyu, ɗaya nasa, ɗaya zai aika wa ƙanin nasa.

Murar kuwa na dawo da ita.