Ɗan zaren da ke bakin bulala

Sana'ata dukanci ce, kuma a dukancin ma kitsa bulala na fi ba ƙarfi. A da masu dawaki ne ke zuwa neman gajera. Yanzu samari ne ke shigowa da waya a hannu, su nuna mini bidiyon makiyayan Amurka ko na Ostareliya suna kaɗa doguwar bulala tana ƙara kamar harbin bindiga, su ce irinta suke so. A Ostareliya fatar kangaru aka fi so, domin ana yanka ta siririya ba ta tsinke ba. Mu nan da kirgi muke yi, ko igiyar nailan ga mai ƙaramin ƙarfi. Mai koyo nakan ba shi ta ƙafa 6, don ita ce ba ta fi ƙarfinsa ba.

Irin wannan bulala gaɓa huɗu gare ta: mariƙi, sai kitsattsen jiki da ke ƙara sirancewa, sai wutsiya, wato tsirin fata guda, sannan ɗan tufkakken zare mai geza a can ƙarshe, wanda muke kira tuntu. Shi ya fi komai araha a jikinta, shi ne kuma mai shan wahala. Ƙarar da ake ji ba daga dukan ƙasa take fitowa ba. Lanƙwasar da hannu ya tura ce ke gangarowa, tana ƙara gudu yayin da jikin ke sirancewa, har ta zarce gudun sauti, wato kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, iska ta fashe. A 1998 wasu masana a Jamus sun ɗauki hoton abin da kyamara mai saurin gaske, suka ga bakin bulala na kaiwa ninki biyu na wannan gudun. To, zaren da ke shan haka dole ya cinye. Don ya cinye ɗin aka ɗaura shi, fata ta huta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga an kawo bulala wutsiyarta ta tsattsage, saboda tuntu ya fita mai ita bai tsaya ba, ya ci gaba da kaɗawa. Zaren da ba a bakin komai yake ba sai ya jawo sauya fata. Saboda haka ba na barin mai saye ya fita sai ya tufka tuntu a gabana. Zaren nailan irin na magina ya isa. A yanko kamar kamu ɗaya, a maƙala a ƙusa, a yi ta murzawa gefe ɗaya har ya yi tauri, sai a kama tsakiya a ninka, zai nannaɗe kansa da kansa ya bar ɗan kunne a sama. A ƙulle ƙasa, a bar geza kamar inci 2, a tsefe ta. Duka tsawonsa inci 6 zuwa 8. A zura bakin wutsiya ta kunnen, a zagayo a ɗaure, a ja sosai. Nakan ce wa yaro ya tufka da yawa ya zuba a aljihu, domin a makonnin farko zai yi ta ɓatar da su.

Kafin a fara kaɗawa a duba shi, a tsakiyar wasa ma a duba. Mai koyo hannunsa bai daidaita ba, don haka tuntu kan ƙulle kansa. Ƙullin nan idan aka bar shi zai ƙara tsukewa, kuma a nan zaren zai yanke. Da basilla ake kwance shi tun yana sako-sako. Idan geza ta cinye har ta kai ga ƙulli, ƙarar ta dushe, a sauya kawai. Kada a yi a kan kwalta ko siminti, suna goge zare da fata nan take. A nemi fili mai ciyawa, nesa da yara da dabbobi. Jiƙaƙƙen tuntu kuma nauyi yake yi, ya kwaso yashi.

Man shafawa na fata ne, ban da tuntu. Wutsiya ce mai bukatarsa, musamman da hunturu, lokacin da fata ke bushewa ta tsage. Ɗan kitse ko man kaɗe a yatsa ya wadatar. Da damina a rataye ta inda iska ke ratsawa saboda fumfuna.

Yawancin tuntun da ke tsinkewa da wuri ƙarfi ne ya yi musu yawa. Samari na ɗauka sai an fizga, alhali a hankali ake ɗaga hannu, a jira bulala ta miƙe a baya, sannan a turo ta gaba. Mai fizga shi ne wanda take dawowa ta tsula wa a kunne, shi ya sa nake cewa a sa tabarau da malafa da riga mai dogon hannu. Kowace sabuwar ɗaura tana ɗan cin bakin wutsiya, har wata rana ta gajarce. Idan ta kai haka a dawo mini da ita shago, don sauya wutsiya aikin baduku ne.